Amsa ga uwar da 'yarta ta kamu da son littattafan kumbo da dodanni

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Na karanta tambayarki sau biyu don kar in amsa abin da ba ki tambaya ba. Kin ce 'yarki mai shekara 9 ta kamu da son littattafan nan da ake haɗa kumbo da duniyoyin sama da mutum-mutumi da kuma sihiri da dodanni duk a labari ɗaya, ƙaninta mai shekara 6 kuma yana liƙe da ita tana karanta masa, ke kuma abu uku ke damunki, kar su cakuɗa mata kimiyya da ƙarya, kar yaran su riƙa firgita da dare, kar kuma a taɓa musu aƙida. Kina so a ce miki ki bari ko ki hana.

Toh gaskiya ba zan iya yanke hukunci ɗaya a kan nau'in gaba ɗayansa ba, saboda shekarun da na yi a sashen yara na laburare da kuma koyar da malaman firamare yanda ake zaɓar wa yara littafi sun nuna min cewa littafi biyu za su iya zama a kanta ɗaya, bangonsu iri ɗaya, dukkansu da kumbo da dodo a jiki, ɗaya ki ba 'yar shekara 8 hankalinki kwance ɗayan kuma ko ɗan shekara 13 sai kin zauna da shi. Kumbon da dodon su ne abin da ya fi sauƙi a lamarin. Inda nake sa ido shi ne me marubucin ya yi da tsoro, me ya yi wa yaran da ke cikin labarin, kuma a wane hali ya bar mai karatu a shafin ƙarshe.

Bari in fara da maganar rikita kimiyya don ita ce iyaye suka fi yi min, kuma ita ce na fi samun sauƙin kwantar musu da hankali a kai. Yara sun fi mu sanin ƙarya da gaskiya a labari fiye da yanda muke zato wallahi. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Yale, Deena Skolnick da Paul Bloom, sun yi gwaji da yara masu kimanin shekara 5, suka tarar ba wai kawai yaran sun san jaruman katun ba mutanen gaske ba ne, har sun san cewa kowane labari da duniyarsa, jarumin wannan labarin ba zai haɗu da na wancan a hanya ba. Kinga yarinya mai shekara 9 ta wuce wannan matakin da nisa. Idan ta karanta an ce wata yarinya ta hau dokin ƙarfe mai fuka-fuki ta tafi duniyar Mas ta dawo kafin la'asar, ba za ta rubuta wannan a jarrabawa ba, ta san labari ne.

Inda matsalar take, kuma mutane ba su cika lura ba, shi ne ƙaramar ƙaryar da ta yi kama da gaskiya. Dodo mai kai uku ba ya yaudarar kowa. Amma in aka rubuta kumbo ya fashe a sararin samaniya aka ji ƙara har kunne ya toshe, wannan yaro zai ɗauka haka ne, babba ma zai ɗauka, alhali sauti yana buƙatar iska ko ruwa ko wani abu da zai bi ta ciki, can kuma babu iska, shiru ne tsit ko me ya fashe. Haka in aka ce sun tashi da safe sun isa wani tauraro da yamma. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan daƙiƙu yake yi, amma tauraro mafi kusa da mu bayan rana sai haske ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso daga gare shi. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977 yana can yana ta gudu har yau, da a ce can ya nufa sai ya yi sama da shekara 70,000 a hanya. Ko wannan maganar da ake yawan cusawa a labarai cewa wai kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarmu kawai muke amfani da shi, in an buɗe sauran sai mutum ya fara ɗaga abubuwa da ido, ƙarya ce tsagwaronta amma don an saka ta a bakin wani mai farar riga a labarin sai ta zauna a kan yaro.

Maganin wannan ba wuya, kuma ni a nan nake ganin amfanin littattafan ma ya fi yawa. Duk sanda ta gama babi ki tambaye ta, a cikin abin da ya faru wanne ne zai iya yiwuwa wanne ne marubucin ya ƙirƙira? Ki bari ta yi kuskure, ku duba tare. Na sha yin wannan da yara a laburare kuma ban taɓa ganin abin da ke sa yaro ya ɗauko littafin kimiyya na gaske da hannunsa kamar gardamar da ke tashi a nan ba, ɗaya ya ce zai yiwu ɗaya ya ce ba zai yiwu ba, sai ki ga sun nufi kantar littattafan taurari babu wanda ya aike su. Tarihi ma ya nuna haka. Jules Verne a 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka ɗura a cikin harsashi aka harba su zuwa duniyar wata da wata ƙatuwar igwa, abin da in an gwada da gaske ƙarfin tashin kaɗai zai murƙushe su tun ba su bar bakin igwar ba. Kimiyyar ba daidai ba ce. Amma Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, wanda ya fitar da lissafin tafiyar roka a 1903, da bakinsa ya ce labaran Verne ne suka fara dasa masa tunanin, ya zauna yana neman inda kuskuren yake da yanda za a gyara. A 1969 mutum uku suka tashi daga Florida, jihar da Verne ya ajiye igwarsa, biyu daga cikinsu suka taka wata. A wannan shekarar dai aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka zaga da shi sararin sama, don haka ko a Hausa abun ba baƙo ba ne, an daɗe da gane cewa yaro yana son a ɗaga masa kai sama.

Yanzu maganar tsoro, a nan zan ɗan daɗe don a nan ne 'ya'yanki biyu suka rabu, abin da ya dace da ita ba lallai ya dace da shi ba ko da kuwa littafi ɗaya ne a hannunsu.

Akwai wata farfesa a Amurka, Joanne Cantor, ta jami'ar Wisconsin, ta yi shekaru tana binciken abin da ke firgita yara a fina-finai da talabijin, kuma abin da ta gano ya yi daidai da abin da nake gani a littafi. Ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, siffa ce ke ba su tsoro. Abu in mummuna ne a ido to abin tsoro ne ko da a labarin shi ne mai kirki, abu in kyakkyawa ne to ba komai ko da mugu ne. Kuma babu abin da ke rikita su kamar rikiɗa, mutum yana mutum sai ya koma wani abu, fuskar uwa ta narke ta zama ta dodo, aboki idonsa ya canza launi ya daina gane ka. Wannan nau'in labarin kuwa cike yake da rikiɗa, kusan ita ce jarinsa. Sannan yaro mai shekara 6 in ya tsorata kika ce masa ai ba gaske ba ne, maganar ba ta cika yi masa aiki ba, ya san ba gaske ba ne amma hoton yana nan a kansa, abin da ke yi masa aiki shi ne ki jawo shi jikinki, a rufe littafin, a kunna fitila, a koma wani abu. Don haka shi ƙaramin ni shawarata kar a bar yayarsa ta zama ita ce mai zaɓa masa. Ba laifinta ba ne, ita abin da ya daina ba ta tsoro shekara biyu da suka wuce ta manta ma ya taɓa ba ta tsoro. Ki duba hotunan littafin kafin komai, a wajen ɗan shekara 6 hoto ɗaya ya fi shafi goma nauyi.

Ita kuma mai shekara 9 dodo ya fara zama abin dariya a wajenta. Abin da ke hana 'yan shekara 8 zuwa 12 barci shi ne abin da zai iya faruwa da gaske, a sace yaro, uba ya tafi bai dawo ba, uwa ta mutu, a ci amanar mutum daga wanda ya yarda da shi, duniya ta ƙare. Dalili kuwa a wannan shekarun yaro ya riga ya gama fahimtar cewa mutuwa ba a dawowa daga ita kuma kan kowa za ta zo har da iyayensa, yawanci wannan fahimtar tana kammala wajen shekara 7. Shiyasa za ki ga yarinya ta karanta yaƙin dodanni babi biyar ko gezau, amma shafi ɗaya da aka raba yaro da mahaifiyarsa a tashar kumbo ya sa ta zo ɗakinki da tsakar dare ta ce ita dai ba ta jin barci. Wata yarinya da nake ba littafi duk mako ta taɓa dawo min da wani ba ta gama ba, na tambaye ta ko dodon ne, ta ce a'a malam, babansu ne ya san za a kama su kuma bai faɗa musu ba. Ban manta wannan amsar ba, ita ta canza min yanda nake duba littafi kafin in miƙa wa yaro.

Ba ina cewa a nemo mata littafin da babu baƙin ciki ko haɗari a ciki ba fa. Irin wannan ba za ta karanta ba ma, kuma yaro yana buƙatar ya ɗanɗani tsoro a wurin da zai iya rufe shafi in ya yi yawa, littafi ya fi fim a nan nesa ba kusa ba don ita ke riƙe da linzamin, ita ke zana dodon a kanta daidai yanda za ta iya ɗauka, babu kiɗan da zai zabure ta. Abin dubawa shi ne in duhun ya zo, an bar yaron cikin labarin da abin yi ko an ɗaure masa hannu ana gana masa azaba muna kallo? Akwai babba ko ɗaya da za a iya dogara da shi? A ƙarshe an dawo gida, ko wani wuri mai kama da gida?

Misali biyu za su nuna miki abin da nake nufi, dole in ambaci suna don ki gane in kin gan su. A Wrinkle in Time na Madeleine L'Engle ya fito a 1962, ya ci babbar lambar littafin yara ta Amurka wato Newbery a 1963 bayan kamfanonin ɗab'i sama da 20 sun ƙi karɓarsa, wasu don suna ganin ya yi wa yara nauyi. Yarinya ce da ƙaninta ɗan shekara 5 suka tafi neman mahaifinsu masanin kimiyya da ya ɓace, kuma akwai wuri mai ban tsoro sosai a ciki, wata duniya da duk yaran unguwa ke buga ƙwallo a lokaci ɗaya da sauti ɗaya saboda wata ƙwaƙwalwa guda ce ke juya kowa, har ta kama ƙanin nata ya koma yana mata magana kamar baƙo. Ɗan shekara 6 ba zan karanta masa wannan wurin ba. Amma 'yar shekara 10 ko mai 9 da ta saba karatu tana iya ɗauka, don yarinyar ta koma ta ƙwato ƙaninta da ƙaunar da take masa, iyalin suka haɗu a ƙarshe. Ɗaya kuma Northern Lights na Philip Pullman, 1995, a Amurka sunansa The Golden Compass, shi ma ya ci babbar lambar littafin yara ta Ingila wato Carnegie, jarumarsa yarinya ce 'yar kimanin shekara 11, bangonsa da farar dabbar ƙanƙara gwanin sha'awa. A ciki ana sace yara ana yanke su daga wani abu da yake kamar ruhinsu, abokin yarinyar ya mutu a ƙarshen littafin a hannun mahaifinta, uwarta kuma tana cikin masu satar yaran. Rubutu ne mai ƙarfi ba a musu, amma duk abin da na lissafa miki yana firgita 'yar shekara 9 yana ciki.

Wannan littafin na biyu ya kawo mu maganar aƙida. Ni dai ban taɓa ganin yaron da ya bar addininsa don ya karanta an yi tsafi da sanda a labari ba, yara suna ɗaukar wannan a matsayin dokar wasan, kamar yanda suka yarda dabbobi na magana a tatsuniya. Abin da ya cancanci ki sa ido shi ne littafin da marubucinsa yake da wata magana da yake son isarwa a kan Mahalicci da addini ya kuma saka ta a cikin ƙashin labarin. Pullman bai ɓoye ba, mutum ne da ba ya bin addini kuma ya faɗa a fili, a jerin littattafansa uku da wannan ne na farkonsu hukumar addini ita ce azzaluma, a na ukun da ya fito a 2000 har an nuna mutuwar wanda hukumar take bauta wa. L'Engle kuma Kirista ce mai riƙo, akwai ayoyin Baibul a cikin littafinta, duk da haka wasu iyaye Kiristoci a Amurka sun sha neman a cire shi daga makarantu saboda wasu mata uku masu kama da mayu da ke ciki. Kinga ke nan ba a gane wannan daga bango ko daga sunan nau'in. Ko wane addini iyaye suke bi haƙƙinsu ne su san me littafi yake cewa a kan wannan kafin ɗansu ya shiga, wani su ce sai ka girma, wani su ce mu karanta tare ina yi maka bayani. Abin da ba na so shi ne a ƙwace littafi daga hannun yaro ana tsakiyar labari ba tare da an gaya masa dalili ba, zai nemo shi a wajen aboki ya ƙarasa, kuma daga ranar ya daina nuna miki abin da yake karantawa, wannan asarar ta fi littafin girma.

Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma shi na fi jin tsoro a kan yarinya irin taki mai saurin karatu. Masu buga littattafan Turanci sun raba na yara gida-gida, akwai na 'yan 8 zuwa 12, akwai na matasa daga 12 ko 13 zuwa 18. Yarinya mai ƙoƙari tana cinye na rukuninta da wuri, sai malami ko mai shago ya ce ai ta wuce nan a ba ta na gaba, ana ganin an yabe ta. Toh iya karanta kalma daban, iya ɗaukar abin da kalmar ta ɗauko daban. Littattafan matasa da yawa Turancinsu ma ya fi na wasu littattafan yara sauƙi, jimloli gajeru labari na gudu, amma a ciki akwai soyayya ta manya, azabtarwa, kisa da aka bayyana dalla-dalla. The Hunger Games na 2008 misali ne, yara 24 'yan shekara 12 zuwa 18 ake zubawa a fili su kashe juna ana nunawa a talabijin, 'yar shekara 9 mai ƙoƙari za ta iya karanta kowace kalma a ciki ba ta tsaya ba, kuma bai kamata ta karanta ba tukuna. Gwajin nan da malamai ke koya wa yara na buɗe shafi ɗaya a lanƙwasa yatsa duk sanda aka ci karo da kalmar da ba a sani ba, in yatsu biyar sun ƙare littafin ya yi wuya, yana da amfani amma wahalar kalmomi kawai yake aunawa. Lambar shekarun da ke bayan littafi ita ma kamfanin ne ya sa, ba wata hukuma ce ta sa ba. Alama mafi sauƙi da nake ba iyaye ita ce shekarun jarumin. Yara suna son karanta labarin wanda ya ɗan girme su da shekara ɗaya zuwa uku, marubuta ma sun san haka, don haka in jaruma 'yar 11 ko 12 ce galibi an rubuta don irin 'yarki, in 'yar 16 ce to ki dakata ki duba. Galibi na ce, don na Pullman ɗin can ya karya wannan ƙa'idar. Kuma ki kula da littattafai masu jeri, sau da yawa jarumin yana girma daga littafi zuwa littafi labarin yana ƙara duhu, wanda aka rubuta don masu karatu su girma tare da shi cikin shekara bakwai ko goma ita za ta iya gamawa a hutu ɗaya tana nan a 'yar shekara 9 ɗinta.

Na san ba kowace uwa ke da lokacin karanta littafi mai shafi 300 kafin ta ba yarinya ba, ni ma da aikina ne ba kowanne nake gamawa ba. Abin da nake yi in lokaci ya ƙure, minti 20 ya isa, ina karanta babin farko don in ji muryar marubucin, in tsallaka wajen kashi biyu cikin uku na littafin don a nan ne yawanci ake kai jarumi ƙasa, mafi munin abin da zai faru a nan yake faruwa, sannan in karanta babi biyu na ƙarshe in ga wa ya rayu wa ya mutu kuma a ina aka ajiye yaron. In abin da na gani a wurare ukun nan zan iya zama in yi hirarsa da yaron ido da ido ba tare da na ji nauyi ba, ina ba shi.

Don haka ki bar ta ta ci gaba da karatunta, ki karɓi wanda ke hannunta yanzu ki yi masa wannan dubawar yau da dare bayan sun kwanta, gobe ki tambaye ta wa ta fi so a labarin kuma wane wuri ne ta ji ba daɗi, ki saurara kar ki yi saurin gyara mata. Shi kuma ƙaramin ki nemo masa nasa daban, masu hotuna masu haske, mutum-mutumi mai kirki, tafiya wata a dawo a kwanta, ita ɗin ma za ta iya karanta masa su in tana son ta riƙa yi masa karatu. In kin ga ya fara ƙin shiga ɗaki shi kaɗai, ko yana tambayarki ko fuskarki za ta iya canzawa, ko ita ta fara yawan tambaya a kan mutuwarku da daddare, ki ajiye littafin na wata biyu ko uku ki gaya musu ajiyewa aka yi za a dawo kansa. In kin turo min sunayen waɗanda take karantawa yanzu zan gaya miki wanda na sani a cikinsu da shafukan da ya kamata ki fara dubawa.